Sikeli, Mudu da Hukuma: Abin da Cinikin Gyaɗa Ya Bar Mana

A taron ƙungiyarmu na bara, muhawara ta yi zafi a kan kuken da manoman gida suka aiko, cewa masu sayen riɗi su huɗu ko biyar sukan haɗa baki tun da asuba su yanke farashi, ta yadda kafin kasuwa ta cika an riga an gama ciniki. Wasu daga cikinmu, musamman 'yan kasuwarmu na Legas da Abuja, suka ce a bar kasuwa ta yi halinta. Wasu kuwa suka ce lallai hukuma ta shigo. An tashi ba a cimma matsaya ba. Da yake masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, sai muka ga ya dace mu koma ga zamanin gyaɗa, domin iyayenmu da kakanninmu sun ɗanɗani kasuwar da aka sake, sun kuma ɗanɗani wadda hukuma ta riƙe.

Tun kafin zuwan Turawa, kasuwar ƙasar Hausa ba ta taɓa zama sakakkiya ba. Akwai sarkin kasuwa, akwai sarkin pawa, akwai korama mai lura da ma'auna hatsi. Bature matafiyi Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya yi mamakin tsarin kasuwar birnin. Ya ba da labarin cewa idan mutum ya sayi riga ko turkudi ya kai har Barno, sannan ya tarar da aibu, yana iya maido da kayan, domin akwai sunan dillali a cikin ƙunshin, kuma dole a biya shi kuɗinsa. Shari'a ma ta hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ta hana tare ayari a hanya kafin masu kaya su san farashin gari, ta hana tauye mudu. Sarki ba ya sayen hatsin kowa. Aikin mutanensa shi ne tsare ma'auni da amana.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawa sun sa rai da auduga domin masaƙun Ingila, amma manomi ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ciniki ya ƙi ana iya cinta. Fataken goro irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka san ƙauyuka kuma ƙauyuka suka amince da su, su ne suka watsa yaransu da kuɗi da gishiri da tufafi suna tara gyaɗa. Babu wani jami'i da ya tsara wannan. A 'yan shekarun farko kamfanoni suna ta gogayya a bakin sikeli, kuma manomi ya ci moriyar wannan gogayya. Duk mai cewa a bar kasuwa ta yi halinta, nan ce hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ba mu raina ta ba.

Sai dai gogayyar ba ta daɗe ba. Kamfanin Lever Brothers ya saye Niger Company a 1920, sannan a 1929 aka haɗa shi da babban abokin hamayyarsa, aka haifi UAC. Daga nan manyan kamfanoni, irin su UAC da John Holt da sauransu, suka riƙa ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu a kan farashin da za su saya da kason da kowa zai ɗauka. A ido kantuna da yawa ne, a zahiri baki ɗaya ne. Ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya a shekarun 1930, ga haraji da ake karɓa da kaka, lokacin da manomi ba shi da zaɓi sai ya sayar. Dattawanmu sun sha ba mu labarin yadda mutum zai koro jakai tun daga gida, kwana biyu a hanya, ya zaga sikeli uku ya ji magana ɗaya. Ina zai koma da kayan? A ƙasar Gana ta yanzu, manoman koko sun ƙi sayar da amfaninsu a 1937 zuwa 1938 saboda irin wannan haɗin baki, har gwamnatin Ingila ta turo kwamitin bincike. Mu a nan ba a yi irin wannan bore ba.

Abin da ya ɗan tsaga wannan katanga shi ne wani ɗan kasuwa guda, Saul Raccah, Bayahude mutumin Tarabulus da ke zaune a Kano. A ƙarshen shekarun 1930 ya fara fitar da gyaɗa waje da kansa, yana biyan fiye da abin da kamfanoni suka yanke, kuma cikin ɗan lokaci ya ƙwace kaso mai tsoka na cinikin. A nan ne tarihi ya yi abin da ya kamata masu kiran hukuma su tsaya su duba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona, ta kafa hukumar kula da shi ta Afirka ta Yamma a 1942, aka kuma raba wa kamfanoni kaso gwargwadon abin da kowa ya saba saye a shekarun baya. Ma'ana, rabon da manyan kamfanoni suka yi wa kansu a ɓoye sai ya koma doka, sabon shiga kuwa aka datse masa fukafuki. Masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa na 1954 kan cinikin Afirka ta Yamma. Hukuma ta shigo, amma gefen masu ƙarfi ta tsaya.

Bayan yaƙi aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa a 1949, sannan a 1954 aka mayar da aikin hannun hukumar Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, ita kaɗai ke fitar da gyaɗa waje, dillalai masu lasisi, waɗanda ake kira LBA, suna saya a madadinta. Adalci ne mu faɗi alherinta. Manomi ya san farashi tun kafin ya cire gyaɗarsa. Akwai malaman duba inganci, ana tantance buhu, shi ya sa gyaɗarmu ta yi suna har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ita a shekarun 1960. Rarar kuɗin ta shiga ayyuka irin su masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, kuma da yawa daga cikinmu da muka yi boko a wancan zamani, gumin manomin gyaɗa muka ci, ko mun sani ko ba mu sani ba.

To amma daga ina rarar ta fito? Daga bambancin da ke tsakanin farashin duniya da abin da aka ba manomi. An ce za a tara ne domin a tallafa masa ranar da farashi ya faɗi, sai asusun ya zama haraji na biyu. Lasisi kuma ya zama abin da ake samu ta hanyar siyasa da sanayya. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, wani ɓangare na labarinta shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe kayan a kan lokaci. Duk shekarar da farashin ƙetare ya fi, gyaɗa takan bi dare ta tsallaka iyaka. Da fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sai manomi ya koma ga gero da dawa bai waiwayo ba. Gyaran da aka yi a 1977, na kafa hukumomin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya, bai tayar da komaɗar ba.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin a ƙarƙashin shirin SAP. An yi murna a wasu wurare, kuma gaskiya ne kowa ya sami damar saye da sayarwa. Amma an zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi, domin duba inganci da tsare ma'auni sun yi rauni a lokaci guda. Mudu ya zama kowa da nasa, an bubbuge gindin wani, an yi wa wani tozo. Sai a 2019 Nijeriya ta sami cikakkiyar dokar hana haɗin baki da danniya a kasuwanci, tare da hukumar FCCPC mai aiwatar da ita, shekaru talatin da uku bayan sakin kasuwar. Mu dai ba mu ga jami'inta a kasuwar garinmu ba tukuna.

A ganinmu, ɓangarorin biyu na taron bara kowa ya riƙe rabin gaskiya. Kasuwar gyaɗa da aka bari ba mai tsaro, manyanta sun haɗe kai cikin shekaru ƙalilan. Hukumar da ta zama mai saye kuwa ta fi kamfanonin tatsar manomi daɗewa, domin ita ba a kai ƙararta ko'ina. Abin da manomanmu na riɗi suke buƙata ya fi kama da aikin korama da sarkin kasuwa: sikeli ɗaya na jama'a wanda aka tantance, allon da za a rubuta farashin Dawanau na ranar, rumbun ajiya domin kada a sayar a kan dole, da kuma tabbacin cewa baƙon mai saye zai iya sauke motarsa ba tare da an kore shi ba.

Kwamitin noma ya riga ya tattauna da hakimi da shugabannin kasuwa a kan batun sikelin, kuma za a gabatar da kiyasin kuɗinsa a taron Babbar Sallah. Muna roƙon rassanmu na birane su zo da shawarwarinsu a rubuce, musamman a kan wanda zai riƙe makullin rumfar sikelin da kuma wanda zai riƙa duba shi. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.