Fashewar Mafitsara

Fashewar mafitsara tsagewar bangon mafitsara ce, inda fitsari ke kwarara cikin jiki. Galibi hatsarin mota ko karayar ƙashin ƙugu ke jawo ta, ko bugu a mara alhali mafitsara na cike. Alamominta sun haɗa da jini a fitsari, ciwon mara da kumburin ciki.

Inda take ruɗa likitoci shi ne in tsagar ta buɗe cikin kogon ciki. Tantanin ciki kan tsotse fitsarin ya mayar da shi jini, sai sinadaran yuriya da kiretinin su hau, fitsari kuma ya ragu, tamkar ƙoda ta gaza, alhali lafiyarta ƙalau. Kuskure a nan babba ne, domin ana iya kai majiyyaci wankin ƙoda a bar tsagar a buɗe.

Ana tantancewa da hoton CT bayan an ɗura wa mafitsara kimanin mililita 350 na ruwan da ke fitowa a hoto, ta robar fitsari. Kiretinin na ruwan ciki kan zarce na jini, kuma na jini kan sauka da sauri da zarar an sa roba. Tsagar da ta buɗe cikin kogon ciki ɗinki take buƙata a ɗakin tiyata.