Ba Duk Mai Tufa Ruwan Goro Ne Guru Ba

Ga shirinmu na wannan mako a rubuce, saboda waɗanda data ta hana su saurara.

Yau Indiya muka nufa. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya saba jin pandit-ji, guru-ji, swami-ji da baba. Da mun ga dattijo mai gemu cikin tufa ruwan goro sai mu ce malaminsu ne, mu wuce. To a wajen masu abin, sunayen nan ba ɗaya ba ne. Kowanne da aikinsa, da hanyar da ake kaiwa gare shi, da iyakarsa. Ni abin da ya ja hankalina da na bi tarihin shi ne tambayar da ke ƙarƙashin sunayen: wane ne ya cancanci mutum ya miƙa masa kansa, kuma in ya kauce wa zai ja masa kunne?

Mu fara daga tushe. Na farko su ne rishi, wato masu gani. Littafinsu mafi tsufa, Rigveda, yana da waƙoƙin ibada 1,028 cikin kashi goma, kuma masana na ganin an tsara mafi yawansa tsakanin shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. A imanin Hindu, rishi ba su ƙirƙiri waƙoƙin ba, jin su suka yi, shi ya sa ake kiran littattafan Veda "shruti", abin da aka ji. Kashi na uku ana jingina shi ga gidan Vishvamitra, na bakwai ga gidan Vasishtha, har da mata irin su Lopamudra da Ghosha. Wannan matsayi na mutanen farko ne. Na baya aikinsu haddacewa da miƙawa baki da baki.

Masu miƙawar su ne malaman karatu, kuma su ma hawa-hawa ne. Littafin dokoki na Manusmriti, mai shekara wajen dubu biyu, ya bambanta su. Acharya shi ne wanda ya karɓi yaro, ya rataya masa zaren shiga karatu, ya koya masa Veda da ma'anoninta. Upadhyaya kuwa wani sashe kawai yake koyarwa, a biya shi ya ci abinci. Littafin ya fifita na farko nesa ba kusa ba, amma ya ɗora uba sama da acharya, uwa kuma sama da kowa. Kun ga tun can malami bai zama sama da gida ba.

Yaron a gidan malamin yake zama, abin da suke kira gurukula, galibi shekara 12. Shi ne itace, shi ne kula da wutar ibada, shi ne fita neman abinci. Malam yana karantar halin yaro, yaro ma yana ganin yadda malam ke rayuwa dare da rana. Sai an gama ne ɗalibi ke ba da tukuici, gurudakshina.

Sai dai tsarin yana da ƙaton gibi: ba kowa ake buɗe wa ƙofa ba. Zaren karatu na ajin mutane uku na sama ne, Shudra ba ya ciki. Labarin Ekalavya a cikin Mahabharata shi ne misalin da aka fi kawowa. Yaro ne ɗan mutanen daji, ya je wajen Drona, malamin 'ya'yan sarki, ya koyi harbin baka, aka kore shi. Ya koma daji ya gina siffar Drona da laka, ya yi ta gwaji gabanta har ya fi Arjuna, ɗan lelen malamin. Da Drona ya gano, sai ya ce a ba shi tukuicinsa: babban yatsan hannun dama. Yaro ya yanke ya miƙa. Wasu na karanta labarin a matsayin ƙolin biyayya, 'yan Dalit da dama kuma na ganin zalunci ne tsantsa. Abin mamaki, lambar yabon da gwamnatin Indiya ke ba masu horar da 'yan wasa tun 1985 sunanta Dronacharya.

Akwai kuma waɗanda aikinsu hidima ce, ba tarbiyyar rai ba. Purohit shi ne limamin gida ko na fada, mai ɗaurin aure da raɗin suna da bikin mamaci. Pujari mai kula da ɗakin bauta ne. Pandit asalinsa masanin Sanskirit da littattafai, ko da yake a baki ana kiran mai ɗaurin aure ma pandit-ji, shi ne wanda kuke gani zaune gaban wuta a fim. Za ka iya kiran kowannensu ya yi maka aiki ka sallame shi, ba ka zama almajirinsa ba.

To guru fa? Kalmar a Sanskirit na nufin mai nauyi. Shi ne jagoran da mutum ke bi don neman tsira, kuma ana raba shi biyu. Shiksha guru mai koyarwa ne, kana iya samun su da yawa. Diksha guru shi ne mai shigar da kai hanya, ya raɗa maka kalmar wuridi, mantra, a kunne, kuma galibi ɗaya ne. Mundaka Upanishad ya gindaya masa sharaɗi biyu: ya san nassi, kuma ya zama abin da yake koyarwa ya zauna masa a rai. Sannan ana tambayar salsalarsa, parampara: wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi?

Wanda ake dangantawa da mayar da salsalar nan hukuma shi ne Adi Shankara, ɗan Kaladi a Kerala, wajen ƙarni na 8. Al'ada ta ce shekara 32 kacal ya yi a duniya, ya kafa cibiyoyi huɗu a kusurwoyin ƙasar: Sringeri a kudu, Dwarka a yamma, Puri a gabas, Jyotirmath a arewa. Har yau shugabanninsu na amsa sunan Shankaracharya. Su sannyasi ne, waɗanda suka saki duniya. Mai shiga wannan hanya yakan yi wa kansa bikin mutuwa tun yana raye, ya bar gida da gado, ya karɓi sabon suna da tufa ruwan goro. Irinsu aka fi kira swami. Sadhu kuwa suna ne na gama-gari ga masu zuhudu, ciki har da Naga masu shafa toka da ake gani a taron Kumbh Mela. Da yawansu suna ƙarƙashin ƙungiyoyi 13 da ake kira akhara, masu shugabanni da horo.

Ƙofar da aka rufe wa su Ekalavya fa? Wasu ne suka ɓalle ta daga waje, su ake kira sant. Kabir masaƙi ne a Varanasi a ƙarni na 15, ya tashi a gidan Musulmi. Ravidas daga gidan masu aikin fata ya fito, sana'ar da ake ƙyama. Mirabai 'yar sarauta ce a Rajasthan a ƙarni na 16, Tukaram kuma ɗan kasuwa a Maharashtra a ƙarni na 17. Ba da Sanskirit suka yi waƙa ba, da harshen kasuwa suka yi, kuma talaka ya ji ya ɗauka. Sun nuna cewa haihuwa ba ita ke ba mutum daraja ba. Hujjarsu ita ce rayuwarsu, wadda maƙwabta ke gani.

Zamani ya kawo nau'i na ƙarshe, guru na duniya baki ɗaya. Swami Vivekananda ya yi jawabi a taron addinai na Shikago a 1893, ya kafa Ramakrishna Mission a 1897, wadda ke da makarantu da asibitoci har yau. Prabhupada ya isa Amurka a 1965, ya kafa ƙungiyar Hare Krishna a shekarar da ta biyo. A 1968 mawaƙan Beatles suka je Rishikesh wajen Maharishi Mahesh Yogi. Daga nan sai talabijin, sai intanet. Almajiri ya daina zama gidan malam, ta allo yake ganinsa.

A nan gizo ke saƙar. Mutum na iya tara miliyoyi ba wanda ya san salsalarsa, ba kuma wanda ke ganin abin da ke faruwa bayan labule. Asaram Bapu ya yi ɗaruruwan cibiyoyi, manyan 'yan siyasa na hawa dandamalinsa. A Afrilun 2018 kotu a Jodhpur ta yi masa ɗaurin rai da rai kan fyaɗen yarinya 'yar shekara 16, wadda iyayenta mabiyansa ne. Kafin nan, a Satumban 2017, majalisar akhara ta fitar da sunayen mutum 14 da ta kira baba na bogi, sunansa na ciki. Amma ta yi hakan ne bayan ya shekara huɗu a tsare.

Abin da na ɗauka a tarihin nan shi ne: tsohon tsari yana da awo amma ya rufe ƙofa, su Kabir sun buɗe ƙofa amma sun bar rayuwarsu a fili kowa ya auna. Masifar ita ce malamin da ya samu buɗaɗɗiyar ƙofa kuma ba mai auna shi. Don haka matasa, kowane irin jagora ne ya ja hankalinku, yawan mabiya ba shaida ba ce. Ku tambaya: a ina ya koya, me yake nema a wajenku, kuma wane ne zai iya ce masa ya yi kuskure ya saurara?

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.