Dam Ne, Tafki Ne, Ko Rami? Tarihin Sunayen Ruwayenmu

 Idan mutum ya tashi daga nan Kuru ya bi hanyar Bukuru zuwa Jos, ko kuwa ya juya ya nufi Barikin Ladi, ba zai yi nisa ba sai ya hangi ruwa kwance a gefen hanya, kewaye da tulin jar ƙasa. Tambayi yaron da ke kiwo a wurin, zai ce maka, "Dam ne, Baba." Baƙo kuwa zai ce, "Kai, ƙasar nan akwai tafkuna masu kyau!" Dukansu biyu sun yi kuskure. Yawancin ruwayen nan ba dam ba ne, ba kuwa tafki ba ne. Ramukan kuza ne. Yau muna so mu duba yadda aka yi rami ya sami sunan da ba nasa ba, da abin da wannan ya jawo mana.

Bari mu fara da ruwan da masu karatun Littafi Mai Tsarki suka sani, watau Tekun Galili. Ruwan daɗi ne, ba gishiri a ciki. Tsawonsa kilomita 21 ne, faɗinsa 13, watau bai fi tafiya daga Kuru zuwa Jos ba. Me ya sa aka ce da shi teku? Domin a harshen Ibrananci kalma ɗaya ce ake kiran kowane babban ruwa da ita. Har kwatarniyar tagulla da Sulemanu ya sa a Haikali, a 1 Sarakuna sura 7, da wannan kalma aka kira ta. Matiyu da Markus da Yahaya sun bi bakin mutanen wurin. Amma Luka, wanda ya ratsa Bahar Rum a jirgi tare da Bulus, ya ga ainihin teku da idonsa, saboda haka a Helenancin da ya rubuta, tafki ya ce da shi. Ashe suna yakan nuna mana inda mai raɗa shi yake tsaye, da iyakar abin da ya taɓa gani. Mu riƙe wannan, mu komo gida.

Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Ririwain Dalma, fatake suna kai ta kasuwanni. Ita ce ta jawo hankalin Kamfanin Neja. Tsakanin 1903 da 1904 wani injiniyansu mai suna Laws ya hau kan dutsen nan da sojoji, ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa, gonakin Berom da na maƙwabtansu suka zama filin haƙa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 babban layi ya hauro daga Kafanchan ya bi ta nan Kuru.

To, aikin kuza aikin ruwa ne. Kuza tana kwance ne cikin tsakuwa da yashi na tsofaffin rafuffuka da ƙasa ta binne. Sai a kwashe ƙasar sama, a feshe ta ƙasa da ruwa mai ƙarfi, famfo ya zuƙo laka, a wanke ta, kuza mai nauyi ta zauna. Da rani ruwa yakan ƙare, saboda haka kamfanoni suka datse rafuffuka suna tara shi. Waɗannan su ne dam na gaskiya. Akwai na Kurra, inda kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya samar wa ma'adinai wutar lantarki. Akwai na Tenti, wanda aka gina lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka kawo dubban mutane daga lardunan Arewa aikin tilas. A 1943 an haƙa fiye da tan 17,000. Da yawa cikin waɗanda aka kawo, sanyi da yunwa da cuta suka kashe su, ba su koma gida ba.

A bakin leburorin nan ne kalmar dam ta shiga Hausar bariki. Duk ruwan da ke cikin filin kamfani, dam ne. Muddin ana aiki, famfo yana kwashe ruwa daga cikin rami dare da rana. Ran da aka kashe famfo, ruwan ƙasa da na sama suka taru suka cika shi. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa gyara ƙasar da aka haƙa, amma kaɗan aka gyara. Sa'ad da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar London a 1985, manyan injuna suka yi shiru. Aka bar mana ɗaruruwan ramuka cike da ruwa, da sunan da muka gāda daga bariki.

Abin mamaki, Hausa tana da kalmar da ta fi kusa da gaskiya. A birnin Kano, ramin da aka ɗebi ƙasar gini a ciki ruwa ya cika shi, kududdufi ake ce da shi. Wanda ya ji kududdufi ya san hannun mutum ne ya haƙa. Amma wa yake so a ce gonarsa tana bakin kududdufi? Dam ya fi daɗin ji, gama yana da ƙanshin gwamnati da ci gaba. Sa'an nan mai neman baƙi yakan ƙara gishiri. Ruwan da ake shaƙatawa a bakinsa a Rayfield, ana hawan kwalekwale, tafki ake kiransa, alhali tsohon ramin kuza ne. Ga dalilai uku ke nan: ƙarancin kalma, kamar a Galili, gādon baki, kamar a bariki, da son a ƙawata abu.

Wani zai ce, "To, mene ne a ciki? Ai suna linzami ne kawai." Haka ne, linzami kuwa shi ke juya doki. Wanda ya ji tafki, yana sa ran zai taka a hankali, ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ramin inji ba haka yake ba. Bakinsa a tsaye yake kamar bango, taku biyu sai zurfin da ya shanye gida. Gaɓarsa ƙasa ce da aka zuba, takan zabtare. Ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan can ciki kuma yana da sanyin da ke ɗaure jijiya. Mu da muke zaune a nan mun sha zuwa jana'izar yara da samari da suka tafi wanka ko wanki, musamman baƙi da 'yan makaranta lokacin hutu. Dam na gaskiya yana da mai shi, da mai gadi, da hanyar sakin ruwa. Rami ba shi da ko ɗaya. Masana kuma sun auna dusar kuza da aka tara a wasu wurare, sun sami ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki. Saboda haka ruwan da ya yi garau a ido, ba lalle ya isa sha ba sai an gwada.

Ba mu ce ramukan nan ba su da amfani ba. Da ruwansu ake noman rani. Kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa da ake lodi zuwa Abuja da kudu, da yawansu daga bakinsu suka fito. Ƙasar da aka ƙwace wa kakanni, jikoki suna ci daga rauninta. Amma mai lambu da ya san rami ne, yakan kafa injinsa nesa da gaɓa, ba ya aiken ƙaramin yaro ɗiban ruwa shi kaɗai.

Saboda haka, iyaye da malamai da shugabannin unguwa, mu mayar wa ruwayen nan sunansu. In yaro ya ce zai je dam, a ce masa, "A'a, ramin kuza ne." A gaya masa wanda ya haƙa, da shekarar da aka haƙa, da waɗanda suka mutu a aikin. Yaron da ya san tarihin ramin zai tsaya nesa da bakinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.