Faɗaɗar Daular Damagaram da Misalin Rumawa

Rumawa sun faɗaɗa mulkinsu a ƙasar Italiya ta hanyar yaƙi da ƙulla amana. Idan suka ci gari da yaƙi, sukan bar masa shugabanninsa da dokokinsa, da sharaɗin ya riƙa ba su mayaƙa duk lokacin da suka nema. Da waɗannan mayaƙa suke cin gari na gaba. Suka kafa garuruwan tsaro, suka shimfiɗa hanyoyi, irin ta Appia wadda aka fara a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa.

Kusan wannan dabara ce sarakunan Damagaram suka bi a ƙarni na 19. Gidan sarautar na Barebari ne, kuma yana biyayya ga Barno. Bayan da Sarki Sulaiman ya mai da fadarsa Zinder a farkon ƙarnin, sai daular ta fuskanci kudu da yamma. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye birnin da ganuwa, aka tara bindigogi, har maƙera suka zuba igwa. Kuɗin wannan shiri daga fatauci da Tarabulus ya fito, kuma bayi na cikin hajar da ake fitarwa. Ƙasashen Sosebaki, wato Mirriya da Dungas da Washa, suka shiga hannun Tanimu, haka ma Muniyo. Ƙasar Kance, inda Dawce take, ta bi sahu, tare da Zango da Ɓaure, mazaunan sarakunan Daura da jihadi ya kora. Galibinsu sun ci gaba da riƙe sarautarsu, suna kai gaisuwa da dakaru Zinder, har Faransawa suka ci birnin a 1899.

A wajen harshe ne dauloli biyun suka sha bamban. Latinanci ya bi sawun sojojin Rum, ya shafe harsuna da dama, daga baya ya haifi Faransanci da ƴan'uwansa. A Damagaram kuwa, Hausar talakawa da fatake ce ta rinjayi Barbarcin fada, ko da yake sarautu irin su Kaigama da Ciroma sun wanzu.

Don haka wajibi ne masu tsara yaƙi da jahilci a yankin Matameye su dogara da Hausar da mutanen Dawce da maƙwabtansu suke yi, su binciki dangantakarta da Dauranci, kafin su ɗauki karin harshen birnin Zinder a matsayin ma'aunin littattafan koyarwa.