Gadon Jariri Mai Lilo, Daga Rafin Zinariya Zuwa Asibitin Ingila

Idan ɗanka ya tambaye ka yadda ake cewa "cradle" da Hausa, kada ka ji kunya don ka yi jim. Ba mu da kalma guda a kansa, domin ba mu saba da abin ba. Bature yakan kwantar da jaririnsa a ɗan gadon katako mai lanƙwasasshen gindi, uwa tana girgiza shi da ƙafa. Mu kuwa bayan uwa ne gadon, zani da majanyi sun wadatar. Shi ya sa inda Bature zai ambaci wannan gado, mu sai mu ce tun yaro yana zanin goyo.

To amma kalmar ba ta tsaya a ɗakin mai jego ba. A watan Janairun 1848 James Marshall ya tsinci zinariya a bakin wani kogi a Kalifoniya, kafin shekara ta zagayo duniya ta ɗunguma can. Wanke ƙasa da faranti aikin wahala ne mai ƙarancin riba, sai masu haƙa suka koma ga wani akwatin katako mai gindi irin na gadon jariri. A samansa akwai rariya. Ka zuba ƙasa, ka kwara ruwa, kana jijjiga shi da hannu ɗaya. Tsakuwa ta tsaya a rariya, laka ta bi ruwa, zinariya da yake tana da nauyi sai ta maƙale a bayan 'yan sandunan da aka gicciya a ƙasan akwatin. Sunan gadon suka ba shi. Edward Hargraves ya ga dabarar a can, ya kai ta Ostiraliya a 1851.

Masana littattafai ma sun ara, ta hanyar Latin: duk littafin da aka buga a Turai kafin 1501 suna kiransa "incunabula", wato kusan a ce littafin da ke cikin tsumman goyo.

Wadda ta fi shafar aljihunka, in kana Birtaniya, ita ce ta siyasa. A Disamban 1942, ana tsakiyar yaƙi, aka fitar da rahoton William Beveridge kan talauci da ciwo da rashin aikin yi. A Maris na 1943 Churchill ya yi jawabi a rediyo, ya goyi bayan inshorar da za ta riƙe kowa tun daga gadon jariri har kabari. Aikin kuwa gwamnatin Leba ce ta yi shi: ranar 5 ga Yuli 1948 Aneurin Bevan ya buɗe NHS, a duba ka ba ko sisi.

Kyautar ba ta daɗe a cike ba, don tun 1952 aka fara karɓar kuɗin takardar magani. Kai baƙo kuma lissafinka daban ne. A 2015 aka ɗora wa masu neman biza harajin lafiya, fam 200 a shekara. Daga Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 ga babba, yaro 776, kuma na dukan shekarun bizar ake biya a dunƙule tun kafin a buga maka hatimi. Mata da miji da 'ya'ya biyu, bizar shekara uku, ka buga da kanka: fam 10,866 ke nan, ban da kuɗin bizar ita kanta.