Makarantar Lafiya ta Garkida, Inda Labari Ya Zama Darasi

'Yan'uwa matasa cikin Kristi, yawancinmu mun san Garkida saboda itacen tsamiya, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a ranar 17 ga Maris, 1923. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro. Amma akwai wani gefen tarihin da ba mu cika jinsa a bagadi ba, wato yadda aka koyar da masu jinya.

Ba a daɗe ba aka buɗe asibiti, a 1929 kuma aka kafa wurin jinyar kutare. Turawan mishan 'yan kaɗan ne, marasa lafiya kuwa ba iyaka. Dole suka jawo samarin yankin, suka koya musu wanke gyambo, yin allura da ba da magani. Hannuwan waɗannan samari ne suka ɗauki yawancin aikin, ko da yake sunayen likitoci aka fi tunawa.

Shekaru suna tafiya, sai aka lura da wani abu mai ban takaici. A yi wa yaro maganin gudawa ya warke, ya koma ƙauye ya sha ruwan tafkin nan dai, ya sāke dawowa. Wani ma ba ya kaiwa asibitin. Saboda haka wajen 1974 aka soma shirin lafiyar karkara na Lardin Gabas. Ƙauye ne da kansa yake zaɓen nasa mutanen, mace da namiji, a tura su Garkida su yi wata uku suna koyo, su komo gida su yi aiki.

Yadda aka koyar da su ne ya fi burge ni. Ba a cika su da manyan littattafai ba. Da labari aka koyar, da waƙa, da wasan kwaikwayo. Malami ya ba da labari a kan ruwan sha, ko sauro, ko abincin yaye, ɗalibai su yi ta maimaitawa har ya zauna, gobe su ba da shi a bakin rijiya. Ni dai a wurina, hanyar Ubangijinmu ce suka bi, shi da ya koyar da taro da misalai. Ku lura kuma, an yi wannan tun kafin taron Alma-Ata na 1978, inda duniya ta amince a kai kiwon lafiya ƙofar talaka.

Abin da yake cin tsararku yau ya ƙaru: tiramadol, kodin, cikin da ake ɓoyewa har ya zama ajali. Mai fama da waɗannan ba ya zuwa layin asibiti, abokinsa yake gaya wa. A zumuntarmu kuwa akwai ɗaliban jinya da suke zuwa hutu, su zauna a bencin baya, ba wanda ya taɓa ba su minti goma su yi mana magana.