Haruffan Yajin Aikin Memphis

Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe da gane cewa wanda ya mallaki injin ɗab'i ya mallaki murya. A 1827 aka fara buga Freedom's Journal a New York, jaridarsu ta farko, a 1847 kuma Frederick Douglass ya kafa The North Star. Sai dai inda siffar haruffa ita kanta ta zama makami shi ne birnin Memphis na jihar Tennessee.

Ranar 1 ga Fabrairun 1968 motar kwasar shara ta murƙushe leburori biyu, Echol Cole da Robert Walker, waɗanda suka fake daga ruwan sama a cikinta. Ranar 12 ga wata ma'aikatan kwasar shara kimanin 1,300 suka tsunduma yajin aiki kan ƙarancin albashi da wulaƙanci. Cocin Clayborn Temple ne matattararsu, daga nan suke fita riƙe da fararen kwalaye ɗauke da kalmomi huɗu: I AM A MAN, wato ni ma cikakken mutum ne. Raddi ne ga turawan Kudu da ke kiran magidanci mai furfura "yaro". An buga su da manyan baƙaƙen haruffa masu kauri, dogaye, babu ado ko kaɗan, aka ja layi ƙarƙashin kalma ta biyu. Da yake kwalayen iri ɗaya ne, ɗaruruwan mutane suka zama tamkar baki ɗaya ke magana, kuma rubutun ya fito raɗau a hotunan da Ernest Withers ya ɗauka. A wannan gwagwarmaya aka kashe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, aka janye yajin ranar 16 bayan hukumar birnin ta amince da ƙungiyar ma'aikatan.

A 2016 wani matashi mai zane, Tré Seals, ya kafa kamfanin Vocal Type, ganin yadda baƙaƙen fata ba su da yawa a sana'ar. Ya sake zana haruffan Memphis don kwamfuta, ya raɗa musu suna Martin. Wani salon, Bayard, daga kwalayen tattakin Washington na 1963 ya samo shi. Bayan kisan George Floyd a 2020, da salon Martin aka rubuta taken zanga-zanga a kan titin birnin Newark.